RUWA BA YA TSAMI BANZA: YADDA DUTSEN FARAR ƘASA KE NARKEWA A RUWA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi, ko tukunyar da aka daɗe ana dafa ruwan wanka a cikinta, ba zai rasa ganin wani farin ɓawo da ya manne a gindinta ba. Wasu kan ɗauka datti ne, wasu kuma su ce ƙarfen ne ya fara lalacewa. Alhali kuwa dutse ne. Ruwa ne ya narkar da shi a ƙarƙashin ƙasa, ya ɗauko shi ba tare da ido ya gani ba, sa'an nan da ya ji wuta ya sauke shi a gindin buta. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. To, ga dukkan alamu mai shayi ya daɗe yana yin haka.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda wannan dutse ke shiga ruwa da yadda yake fita, tare da kawo misalai daga Suleja da kewayenta da kuma Sakkwato. Haka kuma, da yake mu ɗaliban harshe ne, za ta duba kalmomin da Hausa ta tanada domin wannan bayani, da wuraren da kalma ɗaya ke ɗauke da kayan da ya kamata a raba wa kalmomi biyu ko uku.

Mene ne wannan sinadari?

Masana kimiyyar sinadarai suna kiran sa kalsiyam kabonet, suna kuma rubuta shi a taƙaice da CaCO3. Ma'anar wannan rubutu ita ce, a kowane ɗan gutsure nasa akwai ƙwayar zarra ɗaya ta kalsiyam, da ɗaya ta kabon, da uku na iskar oksijin. Idan aka auna giram 100 nasa, giram 40 kalsiyam ne, 12 kabon, 48 kuma oksijin.

Sunan ne baƙo, amma abin ɗan gida ne. Shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na ɓawon ƙwan kaza. Shi ne kuma ya gina ƙoƙon katantanwa da na dodon koɗi. Hatta wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi ta Kano kafin zuwan kuɗin Turawa, ɓawon wata halittar ruwa ce da ake kawowa tun daga tsibiran Maldib na tekun Indiya, kuma da wannan sinadari aka ƙera shi. A cikin ƙasa kuwa yana zuwa ne a matsayin dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi, ko kuma mabul, wato dutsen farar ƙasar da zafi da nauyin ƙasa suka matse shi har ya yi ƙarfi da sheƙi.

A nan akwai tarko guda uku ga mai fassara. Na farko, "farar ƙasa" suna ne da launi ya haifar, don haka ana kiran farin yumɓu ma da shi, alhali kuwa sinadarinsa daban ne. Na biyu, "alli". Allin rubutu na makaranta sau da yawa da jifsam ake yin sa, wato kalsiyam salfet, allin masu kaɗi kuwa da ƙonannen ƙashi aka saba yin sa. Na uku, "marmara". Wasu masu fassara kan ari wannan kalma su kira mabul da ita saboda ta yi kama da kalmar Larabci, amma a bakin magina na ƙasar Hausa marmara ita ce jan dutsen nan mai ramuka-ramuka da ake haƙowa ana aza harsashin gini da shi. Wanda ya aiki magini ya kawo marmara, ba zai ga farin dutse ba.

Narkewa iri uku

Mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu mukan lura da wasu abubuwa da ɗan asalin harshe ke wucewa bai kula ba. Ɗaya daga ciki shi ne aikatau "narke". Ana cewa man shanu ya narke a rana, ana cewa gishiri ya narke a miya, ana kuma cewa abinci ya narke a ciki. A kimiyya waɗannan abubuwa ne uku mabambanta.

Narkewar man shanu ko ƙanƙara aikin zafi ne kawai, abu mai ƙarfi ya koma ruwa-ruwa ba tare da an haɗa shi da kome ba. Narkewar gishiri kuwa shiga ce cikin wani abu, inda ƙwayoyinsa ke rarrabuwa su bazu a tsakanin ƙwayoyin ruwa, kuma idan ruwan ya ƙafe gishirin zai dawo yadda yake. Ta uku ita ce wadda abin da ya narke ke sauya kama gaba ɗaya, domin wani sinadari ya ci shi ya mayar da shi wani abu daban. Ban da waɗannan akwai "damawa", kamar yadda ake dama gari a ruwa. Garin bai narke ba, yawo kawai yake yi a ciki, kuma idan aka ajiye ƙwaryar zai kwanta a ƙasa.

Dutsen farar ƙasa ba ya yin narkewa irin ta farko a wutar da aka hura a sarari, rushewa yake yi. Yana yin ta biyu, amma ɗan kaɗan ƙwarai. Ta ukun ita ce babbar hanyarsa ta shiga ruwa, kuma ita ce ginshiƙin wannan maƙala.

Iyakar abin da ruwa ke iya ɗauka

Kowane abu yana da iyakar da ruwa ke karɓarsa. Lita ɗaya ta ruwa mai ɗumin ɗaki tana iya narkar da gishiri kimanin giram 360, sukari kuma kimanin kilo 2. Jifsam kuwa bai wuce giram 2 da ɗoriya ba. Amma kalsiyam kabonet, a cikin tataccen ruwan da babu kome a cikinsa, kimanin miligiram 13 ne kacal ke narkewa a lita. Wato ke nan gishiri ya fi shi narkewa sau fiye da 25,000. Idan mutum na son narkar da giram 5 nasa, sai ya tanadi ruwa kimanin lita 385, kusan duro biyu ke nan.

Dalilin haka shi ne, idan ya narke yana rabuwa ne gida biyu, ƙwayar kalsiyam da ƙwayar kabonet, kuma kowacce tana ɗauke da cajin lantarki ninki biyu, ɗaya kishiyar ɗaya. Ƙwayoyin gishiri caji ɗai-ɗai gare su, don haka ruwa ba ya shan wahala wajen raba su. Na dutsen kuwa sun ƙanƙame juna, ruwa ba ya iya ɓanɓaro sai 'yan kaɗan.

Abin lura a nan shi ne, idan ruwa ya kai iyakarsa ba wai aiki ya tsaya ba ne. Wasu ƙwayoyi na ci gaba da barin dutsen, wasu kuma na komawa su manne, sai dai adadin masu fita ya yi daidai da na masu komawa. Kamar tashar mota ce da ta cika, kowace mota ta fita wata za ta shigo, amma yawan motocin da ke ciki bai sauya ba. Wannan yanayi shi ake kira daidaito. A shekarar 1884 wani masani ɗan Faransa mai suna Le Chatelier ya bayyana ƙa'idar da ke cewa idan aka taɓa irin wannan daidaito, zai karkata ne zuwa ɓangaren da zai rage tasirin taɓawar. A sauƙaƙe, idan wani abu ya riƙa kwashe ƙwayoyin kabonet daga cikin ruwa, dole dutse ya ƙara sakin wasu domin cike gurbi.

Abin da ke tsamar da ruwa

Mai kwashewar kuwa shi ne asid, wato sinadarin tsami. Kuma ba sai an je ɗakin gwaji za a same shi ba, domin iskar da muke fitarwa a numfashi, wato kabon dayoksaid, idan ta shiga ruwa tana haifar da wani asid mai rauni da ake kira asid ɗin kabonik:

CO2 + H2O ⇌ H2CO3

Saboda haka ruwan sama, kome tsabtarsa, yana da ɗan tsamin da harshe ba ya ji. A ma'aunin tsami na pH, inda 7 ke nufin tsaka-tsaki kuma duk abin da ya gaza haka yana ɓangaren tsami, ruwan sama yana wajen 5.6. Idan wannan ruwa ya haɗu da dutsen farar ƙasa, asid ɗin zai kama kabonet ya mayar da shi bayikabonet, wanda ruwa ke ɗauka cikin sauƙi:

CaCO3 + CO2 + H2O ⇌ Ca(HCO3)2

Da ɗan abin da ke cikin sararin sama na wannan iska, wanda bai kai kashi 1 cikin 2,000 ba, abin da lita ke narkarwa yana tashi daga miligiram 13 zuwa wajen 50. Amma babban aikin a cikin ƙasa ake yin sa. Saiwoyin itatuwa da ƙananan halittun da ke ruɓar da ganyaye suna numfashi, don haka iskar da ke maƙale a cikin ƙasar noma takan ƙunshi kabon dayoksaid ninki 10 zuwa 100 na wadda ke sarari. Ruwan da ya tsatstsafa ta wannan ƙasa yakan ƙara tsami, har ya iya ɗaukar ɗaruruwan miligiram na dutsen a lita guda. Lalle kam ruwa ba ya tsami banza.

Wannan aiki a hankali yake tafiya, amma da yayyafi kogi kan cika. Shi ne ya fafe Kogon Mamot da ke jihar Kentaki ta Amurka, wanda hanyoyinsa da aka auna sun zarce kilomita 600. Wanda ya fara gano alaƙar wannan iska da irin wannan dutse shi ne Joseph Black, masani ɗan Sikotilan, a cikin shekarun 1750, lokacin da ya nuna cewa iska iri ɗaya ce ke fita daga dutsen, ko an ƙona shi ko an zuba masa asid.

Hanyar komawa

Mai karatu zai lura cewa kibiyar da ke cikin lissafin nan baki biyu gare ta. Duk abin da ya kori kabon dayoksaid daga ruwa zai juya tafiyar baya, dutsen ya sake fitowa. Zafi kuwa shi ne babban mai korarta, domin iska ta fi zama a ruwan sanyi, kamar yadda kowa ya sani cewa lemon kwalba mai ɗumi ya fi saurin hucewa. A nan ne wannan sinadari ya saɓa wa sukari. Sukari ya fi narkewa a ruwan zafi, shi kuwa zafi fitar da shi yake yi.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali. A ce mai shayi yana tafasa lita 40 a yini, kuma ruwansa na ɗauke da miligiram 200 a kowace lita. Ko da rabi ne kawai ya kwanta, giram 4 ke nan a yini, wanda a shekara zai kai kusan kilo ɗaya da rabi. Wannan ɓawo ba ya barin zafi ya ratsa da sauri, saboda haka itace ko gas ya fi ƙonewa. Shi ne kuma ke toshe bututun ruwan zafi, ya kashe abin dafa ruwa na lantarki.

Irin wannan ruwa yana da wasu halaye da matan gida suka sani. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, domin kalsiyam na kama sabulun ya mayar da shi wani dusa-dusa da ke manne wa bokiti da tufafi. Haka kuma wake yakan daɗe bai nuna ba, saboda kalsiyam na ƙara ɗaure ɓawonsa. Idan aka jefa kanwa, kabonet ɗin da ke cikinta zai kama kalsiyam ya kwantar da shi, ta kuma rage tsamin ruwan, sai wake ya yi laushi da wuri. Ashe uwargida ta daɗe tana aiki da ƙa'idar Le Chatelier a bakin murhu.

Masana kan kasa ruwa bisa yawan wannan sinadari. Wanda bai wuce miligiram 60 a lita ba mai sauƙi ne, daga 61 zuwa 120 matsakaici, daga 121 zuwa 180 mai nauyi, abin da ya haura 180 kuma mai nauyi ƙwarai. Ƙa'idar ingancin ruwan sha da Nijeriya ta fitar a 2007 ta sanya miligiram 150 a matsayin iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta ɗora masa wata iyaka ta fuskar lafiya ba, domin matsalarsa ta fi shafar sabulu da bututu da ɗanɗano. Yana da kyau a sani kuma cewa tsakuwar ƙoda yawancinta kalsiyam okzalet ce, wadda sinadari ne daban da na gindin buta.

Daga Dutsen Zuma zuwa Kalambaina

Tun da ruwa daga dutsen da ya ratsa yake ɗaukar kaya, sanin dutsen gari shi ne rabin sanin ruwansa. Suleja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 da sunan Abuja kafin ta bar wa babban birnin tarayya sunan, tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri. Dutsen Zuma da ke kusa da Madalla, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100, narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, daga bisani zaizaya ta kwashe abin da ke kewaye da shi ya bayyana. Irin wannan dutse asid ɗin kabonik ba ya cin sa sai da ƙyar, shi ya sa ruwan da ke fitowa daga irin wannan ƙasa galibi ba ya ɗauke da kalsiyam mai yawa. Duk da haka kowace rijiya da halinta, domin zurfi da zoben simintin da aka ɗaure ta da shi duk suna iya sauya ruwan, kuma gwaji ne kaɗai ke raba gardama.

Ba a yi nisa ba kuma ake tarar da akasin haka. A Kwakuti, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, akwai ma'adinin mabul. Idan aka ɗauko tsakuwa daga can da wata daga gindin Zuma aka ɗiga musu asid mai rauni, ta Kwakuti ce za ta amsa da kumfa, musamman in an niƙa ta, ta Zuma kuwa ko gezau.

A Sakkwato lamarin ya fi girma. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka shige wani teku marar zurfi ya rufe wannan yanki, kuma ɓawon halittun da suka rayu a cikinsa ne ya taru ya zama dutsen farar ƙasa na Kalambaina. Ruwa ya fafe tsagogi a cikin wannan dutse ya zauna, don haka rijiyoyin da ke sha daga gare shi ruwansu mai nauyi ne. A kan wannan dutse aka kafa kamfanin siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, ya fara aiki a 1967, daga baya ya koma ƙarƙashin BUA. Haka abin yake a Ashaka ta jihar Gombe da Malbaza ta Jamhuriyar Nijar, duk inda ka ga masana'antar siminti, to, dutsen yana kusa.

Abin da wuta ke yi masa

Idan zafi ya kai wajen digiri 900 a ma'aunin Salshiyos, dutsen yakan rushe. Kilo 100 nasa zai bar kilo 56 na ƙonanniyar farar ƙasa, kilo 44 kuma su tashi a matsayin kabon dayoksaid. Wannan shi ne matakin farko na yin siminti. Ƙonanniyar farar ƙasar kuwa mayunwaciyar ruwa ce, da ta sha sai ta yi zafi ta kumbura.

Maginan tukwane sun san sharrin wannan. Idan 'yar tsakuwar farar ƙasa ta ɓuya a cikin yumɓu aka gasa tukunya da ita, bayan kwanaki za ta sha danshi ta kumbura ta ɓalle bangon tukunyar. Suleja kuwa gari ne da ya yi suna a wannan sana'a, domin a nan Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta shiga a 1954. A irin gashin da ake yi a cibiyoyi kamar wannan, zafi na wuce digiri 1,200, kuma a nan farar ƙasar da aka niƙa lilis amfani take yi, domin tana taimaka wa sauran ma'adinai su narke su zama sheƙin da ke rufe tukunya. Wannan ita ce narkewa irin ta farko da muka ambata a baya.

Gwaji a ɗakin kwanan ɗalibai

Ba a buƙatar kayan aiki masu tsada kafin a tabbatar da abin da aka faɗa. A samu ƙwai ɗanye a nutsar da shi a kofin binigar. Nan da nan ƙananan kumfa za su lulluɓe shi, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ɓawon zai ɓace, ya bar tantanin ciki kawai. Ana iya daka ɓawon ƙwai a matsa masa lemon tsami, a kwatanta saurinsa da na wanda ba a daka ba. Dakakken ya fi sauri domin asid ya samu wurare da yawa na kamawa, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake niƙa farar ƙasa kafin a watsa ta a gonar da ƙasarta ta yi tsami. Haka nan a gwada allin aji. In ya yi kumfa, akwai kabonet a cikinsa, in ya yi shiru jifsam ne. Butar da ta yi ɓawo ma maganinta ke nan, a jiƙa ta da ruwan lemon tsami ko binigar ta kwana, a wanke da safe.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa kalsiyam kabonet ba ya shiga ruwa sosai sai da taimakon kabon dayoksaid, kuma da zarar iskar ta fita shi ma zai fito. Wannan tafiya mai zuwa da dawowa ita ce ta haɗa butar mai shayi da tukunyar wake da rijiyoyin Kalambaina. Ta shafi teku ma, domin yawan wannan iska a sarari ya tashi daga kimanin kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a 2024, tekuna kuma sun ƙara tsami, abin da ke wahalar da halittu irin su wuri wajen gina ɓawonsu.

Ta fuskar harshe, wannan maƙala tana ba da shawarar a riƙa bambanta "narkewar zafi" da "narkewa a ruwa" da kuma "cin asid" a rubuce-rubucen kimiyya. Farin ɓawon nan ana iya kiran sa "ƙanzon buta", tun da kowa ya san ƙanzon tukunyar tuwo. Ruwan da ke kawo shi kuma a ce masa "ruwa mai cin sabulu", a bar "zartsi" ga ruwan da ɗanɗanonsa ya nuna gishiri, domin ruwa na iya cin sabulu alhali yana da daɗin sha. Waɗannan shawarwari ne kawai, ƙofa kuma a buɗe take ga malamai da 'yan'uwa ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga Sakkwato da Katsina da Damagaram, su kawo kalmomin da karin harshensu ya tanada. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.